Yatsu Uku a Kowane Gefe

Litinin, 6 ga Oktoba, bakwai na safe

Na fitar da firjin daga kicin. Ni da maƙwabcina Ah Lok, mai gyaran firji, muka tura shi a tsaye har rumfar mota, don ya ce in aka kwantar da shi man injinsa zai bi bututu. A duk surutun da ya yi, wannan kaɗai na ɗauka.

Zan rubuta komai a nan, kada gobe wani ya ce ba haka aka yi ba.

Likita ta ba mu zuwa uku ga Nuwamba. Ranar za mu koma asibiti. Kafin nan matata Latipah, da muke kira Pah, tana so ta je Setiu, filin iyayenta da ke bakin teku. Gidan ya rushe tuntuni, babu wuta, sai rijiya da itatuwan kwakwa. Can take so ta kwana. Ba ta iya zama fiye da rabin awa, saboda haka tafiyar yini ɗaya daga garinmu Alor Setar za ta zame mana ta kwana uku, tana kwance. Gadon na riga na haɗa shi a tsohuwar bas ɗin da nake kai kaya da ita. Saura alluranta. Dole su zauna tsakanin digiri biyu da takwas, ba su daskare ba, ba su ɗumama ba. Ƙanƙara a kula ba za ta yi ba. Yanzu suna cikin wani tsohon ƙaramin firji da Ah Lok ya ara mana, mai ƙara kamar babur. Wannan ba na tafiya ba ne.

'Yarmu Mastura nas ce a Penang, ta iya kafa doka. Ta ce sai firjin ya yi awa arba'in da takwas a kan batir da sola kaɗai bai wuce takwas ba, in ba haka ba babu inda Mak ɗinta, wato uwarta, za ta je. Na ce na ji. Na bar makaranta a aji uku na sakandare, na fara da sharar garin katako a shagon wani, na ƙare da nawa shagon. Rabin kabad ɗin kicin da ke unguwar nan hannuna ne. Firji ba zai gagare ni ba.

Pah ta ci cokali huɗu na fate.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Na auna shi sau uku. Zan yi masa kabad da katakon da na ajiye shekara goma sha biyu ina jiran aikin da ya isa a taɓa shi. Batir biyu a ƙarƙashin gado, inbata a bayan kujerar direba, farantin sola biyu a rufi.

Ta so ta fito ta gani. Na ce ta kwanta, akwai ƙura.

Alhamis, 9 ga Oktoba, goma na safe

Ah Lok ya zo da kofinsa a hannu, kamar wanda aka aiko ya duba aikin gwamnati. Ya kalli inbatar da na sayo ya yi dariya har kofi ya zuba masa a wando. Tauke Don yake kirana, wato maigida Don.

"Tauke Don, wannan ai na cajin waya ne. Injin firji in zai tashi kamar kai yake da asuba, sai ya ja ƙarfi biyar kafin ya miƙe."

Na ce, "Ni dai ina tashi. Kai matarka ke ja."

Ya kawo wani babba daga shagonsa. Muka jona, firjin ya yi gurnani ya kama. To, wannan ya ci. Sai ya ɗauki zanen kabad ɗin ya juya shi sama da ƙasa.

"Ina wurin shan iskarsa?"

"Iska kuma? Saniya ce?"

"Ka bar masa yatsu uku a kowane gefe, tafin hannu a sama. Ka ji na faɗa."

Na ce masa wannan ba kicin ba ne, mota ce. Za mu hau dutsen Gerik, lanƙwasa a kan lanƙwasa. In na bar masa fili zai yi ta rawa a ciki har ya faɗo a kan gadonta. Kuma shekara arba'in ina aiki, ba a taɓa samun inda takarda za ta shiga tsakanin kabad ɗina da bango ba. Da wannan aka san ni.

Ya ce, "Da taurin kai ma an san ka." Ya tafi ya bar kofin.

Asabar, 11 ga Oktoba, biyu na rana

Mastura ta zo. Ta kawo ma'aunin sanyi irin na wurin aikinsu, mai riƙe lamba mafi tsanani da aka kai cikin awa arba'in da takwas da suka wuce, ko da babu mai kallo. Ta saka shi a firjin ba ta ko kalli kabad ɗin da nake haɗawa ba.

"Ayah, me ya sa ba za a bar Mak ta huta a gidanta ba?"

"Ita ta ce tana son zuwa."

"Ta ce sau ɗaya. Kai ka mai da shi aiki."

Na ci gaba da goge katako. Ta tsaya a kaina ta fara faɗin abin da likita ta faɗa, da sunansa da komai. Na kunna injin gugar. Da na kashe ta shige ciki.

Cokali uku. Rabin ayaba.

Litinin, 13 ga Oktoba, biyar na yamma

Ya shiga. Na tura shi da tafin hannu ɗaya, ya zame cikin kabad ɗin kamar takobi a kube, har da ɗan hucin iska a ƙarshe. Na gwada takardar jarida a dama, ba ta shiga. A hagu, ba ta shiga. A sama ma haka. Na girgiza motar da dukkan ƙarfina, bai motsa ba. Na yi wa ƙofarsa sakata ta tagulla don kada ta buɗe a hanya.

Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Na so Ah Lok ya leƙo, bai leƙo ba.

Na zare wayar wutar gida ƙarfe biyar daidai. Batir cike. Ma'auni huɗu. Laraba ƙarfe biyar sai mu ga mai gaskiya.

Talata, 14 ga Oktoba, takwas na safe

Inbata na kuka, batir ya kwanta. Awa goma sha biyar. Ma'auni goma sha uku.

Baturan nan ba su da kyau. Na san haka tun a shagon, daga yadda mai sayarwar yake ta murmushi.

Laraba, 15 ga Oktoba, azahar

An gwada baturan a gabana. Lafiyarsu lau.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan magariba

Asibiti, ɗibar jini. Mun jira awa uku. Likita ta kira ni ni kaɗai, ta yi magana a hankali kamar da ƙaramin yaro. Na tambaye ta abu ɗaya, ko tafiya tana nan. Ta ce in za mu je, mu je da wuri.

A mota Pah ta kira ni da sunan da matanmu ke kiran miji, ta ce, "Me ta ce maka, Abang?"

Na ce ta ce mu kula da sanyin allura.

Ta kalli taga. "Ƙarya ba ta yi maka kyau. Kunnenka ke ja."

Wayoyin ne. Sun yi siriri, wuta na ɓacewa a hanya. Gobe zan canja su.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Na saka waya mai kaurin ɗan yatsa. Na matso da inbata kusa da batir. Na wanke farantin sola. Na sake farawa ƙarfe tara na safe.

A masallaci mutane suna ta kama min hannu da hannu biyu suna daɗewa. Ba na so. Ba a yi komai ba tukuna.

Injin firjin ba ya hutawa. A kicin yakan yi ya tsaya, ya yi ya tsaya. A nan tun safe yake gurnani. Zafin mota ne, zan ƙara labule.

Asabar, 18 ga Oktoba, tara na safe

Ya sake mutuwa kafin asuba. Ma'auni ya riƙe goma sha ɗaya.

Mastura za ta iso goma. Akwai wani ɗan maɓalli a bayan ma'aunin, in ka danna sai ya manta. Na jona wayar gida, firjin ya sauko huɗu, na tsaya da ma'aunin a hannuna. Na daɗe a tsaye. Wa zai sani?

Alluran za su sani. Na mayar da shi yadda yake.

Ranar dai, huɗu na yamma

Ta gani. Ba ta yi faɗa ba, gara ma da ta yi.

"Ayah, ka yi iya yinka. Ya isa haka. Zan ɗauki hutu in dawo gida, mu zauna da ita a nan."

Na ce saura kwana goma sha shida. Ta ce damina ta kusa sauka a gabas, in ta sauka teku zai rufe bakin gaɓar, hanya ta cika da ruwa. Na ce na san damina tun ba a haife ta ba. Na faɗi wasu maganganu. Ba zan rubuta su ba.

Pah ba ta ci komai ba. Ƙofar ɗakinta a buɗe take, ta ji duka.

Lahadi, 19 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

Na kwance wayoyin duka na sake ɗaurawa. Babu kuskure. Babu kuskure ko ɗaya.

Litinin, 20 ga Oktoba, goma na safe

Ina kwance a ƙarƙashin gadon motar ina duba fis, sai na ji motar ta ɗan nutsa. Pah ce. Ta fito da kanta, ta hau matakalar da kanta, riƙe da jiƙaƙƙen tsumman goge kwano. Na zabura zan kama ta.

"Abang, kar ka taɓa ni. Tun watan jiya kake ɗaukata kamar tiren ƙwai."

Ta zauna a bakin gado tana haki. Na jira. Ta kalli kabad ɗin sama da ƙasa, ta shafa sakatar tagullar.

"Ya yi kyau. To ina zan shanya wannan?"

Na ce wane irin shanya kuma, ga igiya a waje.

"Shekara tara a gefen firjin nan nake shanya tsummana. Kafin in gama dafa shinkafa ya bushe. Gefensa zafi gare shi kamar goshin mai zazzaɓi. Kai ba ka taɓa sani ba, don iyakarka da kicin ka auna bango ka fita."

Na zare sakata, na ja firjin. Da ƙyar ya fito. Na sa hannu a gefensa, na janye. Katakon ciki ma ya yi zafi, har fentin ya fara danƙo. Ni duk zatona zafin firji ta baya yake fita, ta wannan baƙin ƙarfen, irin na gidanmu na da. Wannan ba shi da shi. Ta jikinsa yake fitar da zafi, ni kuma na rufe jikin da katako mafi kyau a jiharmu ta Kedah. Kwana bakwai yana dafa kansa yana shanye min batir.

Na zauna a ƙasa. Ta miƙo min tsumman.

"Goge fuskarka. Sannan ka mayar wa Ah Lok kofinsa, kwana goma sha ɗaya yana kan tagarmu."

Ranar dai, azahar

Na kai kofin. Na wanke shi ma.

Yana cin taliyarsa, bai ɗago ba. "Yatsu nawa?"

"Uku."

"Ban ji ba, Tauke. Kunnen tsoho."

"Uku, na ce! Da tafin hannu a sama. Ka tashi mu je."

Ya ajiye tsinkayen cin abincin, ya ɗauko wata 'yar fanka daga cikin tarkacensa ya hure mata ƙura. A hanya ya ce, "Yaya jikin Kak Pah?" Haka yake kiranta, kamar yayarsa. Na ce tana nan. Bai ƙara tambaya ba. Shi ya sa nake iya zama da shi.

Talata, 21 ga Oktoba, shida na yamma

Na sa wa kabad ɗin zarto.

Na cire bangon dama gaba ɗaya. Na hagu na matsar da shi, haɗin da na kwana biyu ina fiƙewa ya tsage. Na yanke sama. Na huda jikin motar a ƙasa, na sa raga don iska ta shigo, fankar Ah Lok a sama tana fitar da mai zafin. Don kada ya yi rawa, ƙarfe huɗu masu lanƙwasa a ƙafafunsa, da bel ɗin ɗaure kaya, ruwan lemo, ya zagaye shi ta sama ya kama ƙashin motar.

Kamar akurkin kaji. In wani ya tambaya zan ce Ah Lok ne ya yi.

Na girgiza motar, bai motsa ba. Na sa hannu a saman, iska mai ɗumi na fita. Bayan minti ashirin injin ya yi shiru da kansa. Ban taɓa jin shiru mai daɗin wannan ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, takwas na safe

Na zare wayar gida. Na aika wa Mastura hoton ma'auni. Ba ta amsa ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, takwas na safe

Awa ashirin da huɗu. Biyar. Batir ya kwana da fiye da rabi, rana ta fito tana cika shi.

Cokali biyar, da ruwan kwakwa. Pah ta ce a Setiu za ta ci nasi dagang, shinkafarsu ta can a ganye, mai kifi, ba wannan faten nawa mai kama da ruwan gam ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba, tara na safe

Awa arba'in da takwas. An yi hadari jiya tun hantsi har dare, bai wuce shida ba.

Mastura ta kira. Kiran bidiyo ne, na nuna mata lambar. Sai ta ce, "Ayah, juya ma'aunin in ga bayansa." Ashe ta manna wa maɓallin salatif ta sa hannu a kai. Yana nan yadda ta bar shi. 'Yar wa ce in ba tawa ba?

Ta ce za ta bi mu a motarta. Na ce motarta ba za ta iya dutsen Gerik ba. Ta ce in ji da akurkina.

Asabar, 25 ga Oktoba, uku na rana

Shirya kaya. Tabarma, tukunya biyu, risho, matasanta uku. Pah ta sa na mayar da 'yan maganaɗisun da ke jikin ƙofar firjin, kowanne inda yake da.

Da na dawo daga ɗebo ruwa na ga wani abu a saman firjin, a cikin tafin hannun da na bari. Ƙunshi ne a cikin zanen batik. Na san shi, farin yadi ne a ciki. Daga Makka ta zo da shi shekarar da muka sauke farali, ta wanke shi da zamzam ta shanya a rufin masauki. Tun daga nan yana can ƙarshen kabad ɗin ɗakinmu, ban taɓa sa masa hannu ba.

Tana kwance a gadon motar, idonta a kaina.

Na ce, "Nan wurin iska ne. Zai toshe fanka."

"To samo masa wuri, Abang. Da shi zan tafi."

"Kwana bakwai kawai za mu yi, Pah."

"Na sani. Samo masa wuri."

Na sauke shi. Ba shi da nauyi. Na fita rumfa na tsaya ina kallon guntayen katakon da na yanke.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan la'asar

Bangon daman da na cire ya isa. Na yi 'yar durowa a ƙarƙashin gadon, ta wajen kanta, nesa da batir. Ba kusa ko ɗaya, haɗi ne kawai. Tana buɗuwa da yatsa ɗaya, ba ta ƙara.

Ta sa ƙunshin da kanta ta rufe. Sannan ta yago gefen jarida ta gwada a bakin durowar. Bai shiga ba.

"Ka ga inda ya kamata," in ji ta.

Litinin, 27 ga Oktoba, bakwai na safe

Alluran suna ciki. Huɗu. Ah Lok ya fito da gajeren wandonsa, ya ja bel ɗin ya ga ko zai saki, ya leƙa ta taga ya ce, "Kak Pah, in ya ɓata miki rai ki tura shi teku, firjin kawai nake so a dawo min da labarinsa." Ta yi dariya har ta yi tari.

Bismillah.

Talata, 28 ga Oktoba, azahar, saman dutse

Lanƙwasa ta fi ɗari. Bai motsa ba. Biyar. Mun tsaya sau shida. Mastura tana bayanmu, fitilarta a kunne. Ita ta yi allurar yau, ta taɓa kwalbar a kumatunta kafin ta zuƙa, ta kalle ni ta gyaɗa kai.

Laraba, 29 ga Oktoba, biyar na yamma, Setiu

Mun iso. Rijiyar tana nan, kwakwa bakwai, da turaku biyu na tsohon gidan. Gajimare ya taru can ƙarshen teku, baƙi ƙirin, amma bai iso ba. Na ajiye motar inda sola za ta samu rana, inuwa kuma ta faɗa ta wajen gadonta.

Mastura ta samo nasi dagang a bakin titi. Pah ta ci rabin ƙunshi. Rabi! Ta lashe yatsa ta ce kifin bai kai na mahaifiyarta ba. Ta goge hannu da tsumma, ta rataye shi a gefen firjin, a cikin yatsu ukun. Na buɗe baki zan yi magana, na rufe. Ɗan tsumma ne, iska na wucewa.

Sai ta ce za ta je bakin ruwa. Na miƙe. Ta ce, "Zauna, Abang." Mastura ta miƙe. Ta ce, "Ke ma."

Ina zaune a ƙofar mota nake rubuta wannan. Daga nan zuwa ruwan zai yi taku sittin. Ta tsaya sau biyu. A na biyun na tashi tsaye, Mastura ta riƙe min gefen riga. Yanzu ta cire takalmi. Ruwa ya taɓa ƙafarta, ta ɗaga zane kamar yarinya, ba ta waiwayo ba.

Firjin ya yi shiru a bayana. Huɗu.

Ban bi ta ba. In ta kira, zan je.